Kankaren Kanal da Gindin Gidajenmu

A wannan makon mun waiwayi tarihin ruwan da ya raya mu, da abin da yake yi wa katangunmu.

An kammala madatsar Tiga a 1974, aikin da aka soma zamanin Gwamna Audu Bako. Daga can aka jawo ruwa ta manyan kanal na kankare zuwa gonakin Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam. A 1976 gwamnatin soja ta yi dokar kafa hukumomin raya koguna, aikin ya koma hannun Hukumar Hadejiya-Jama'are. Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa duk 'ya'yan wannan ruwa ne, babu mai musu.

Sai dai kankare ma yana tsufa. Da shekaru suka ja, bangon kanal ya tsattsage, kachala ta toshe magudanai, ruwa ya riƙa tsiyaya yana kwanciya a ƙasa. Ruwan da ya kwanta kuwa bai san iyakar gona da gari ba. Duk wanda ya zauna kusa da kanal ya san alamar: danshi ya hau gindin katanga, farin gishiri ya fito, yaɓe ya fara zuba. Ginin ƙasa ya fi saurin durƙushewa, amma na bulo ma bai tsira ba, balle bulon da aka yi wa rowar siminti.

Da aka zo gyara, kanal aka duba. Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya gyara hanyoyin ruwa, kuma mun gode. Dokar 1999 da ta kafa NEMA kuma ta agajin bala'i ce, wato sai gida ya faɗi a kawo tabarma da buhun shinkafa. Magidancin da gidansa ke mutuwa a hankali, shekara goma yana liƙe tsaga, ba ya cikin lissafi.

A jihar Connecticut ta Amurka, da wani ma'adani a cikin tsakuwa ya ruɓar da harsashin gidaje, majalisarsu ta kafa asusun gyara a 2017, daga baya ta ɗora dala 12 a shekara kan inshorar masu gidaje. Mu ba mu da al'adar inshorar gida, amma muna biyan kuɗin ruwa, muna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, muna kuma da wakilai a majalisar dokokin Kano. Wanda ya san gidan da danshin kanal ya ci a unguwarsu, ya rubuto mana sunan unguwar a ƙasa.