Daga Warki Zuwa Jesi

Da an kwashe gero da dawa a ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa da Bichi, sai gona ta koma filin wasa. A da dambe da kokawa ake yi, kuma duk abin da ɗan wasa zai sa a jikinsa a garin ake yin sa. Majemi ya jeme fatar akuya a yi warki, baduku ya rufe layu, ɗan dambe ya naɗe hannu da tsumma ya ɗaure da kara. Ba a bukatar riga iri ɗaya, tunda mutum biyu ne a fage, makaɗi kuma yana kiran kowa da sunansa.

Ƙwallon ƙafa, wadda ta yaɗu ta makarantun boko, ita ta zo da wannan bukata. Mutum 22 a fili guda, dole a san na wa da na wa. Dabarar da ba ta cin ko kwabo, wadda yara ke yi har gobe, ita ce ɓangare ɗaya ya tuɓe riga.

Sai mutum ya zaci ƙasar Kano ba za ta rasa rigar da za ta sa wa 'yan wasanta ba. A 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma yawancinsu ba a birni ake saƙa su ba, a garuruwan karkara ne irin su Minjibir. Daga baya masaƙun zamani suka cika Bompai da Sharaɗa da Challawa.

To, amma jesi wani abu ne daban. Masaƙanmu, na hannu da na inji, sun ƙware ne a yadin auduga mai tsayuwa, irin na babbar riga da zane. Ita kuwa jesin zamani da zaren roba ake yin ta, da saƙa irin ta safa mai miƙewa, kuma ɗinkinta na son keken da ke yanke baki yana ɗaurewa. Telan ƙauye mai keken Butterfly, idan ya taka irin wannan yadi, ɗinkin kan tsinke da an ja rigar. Kafin a yi tunanin sauya injina, matsalar wutar lantarki da kayan Sin masu araha sun durƙusar da masaƙun tun daga ƙarshen shekarun 1990.

Shi ya sa ƙungiyar ƙauye, in ta haɗa kuɗi bayan kaka, birni take aikawa: ko gwanjon Ƙofar Wambai, ko sabon seti na Sin. Sai ka ga Arsenal ta kara da Barcelona a bayan makarantar firamare. Ruwan ɗorawa da kore na Kano Pillars, da aka kafa a 1990 ta kuma ci gasar Najeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014, sai an tona ake ganinsu.

Aikin da ya rage a hannunmu shi ne bugu. Matashi ya zana lamba da suna a CorelDraw, ya yanke, ya manna da inji mai zafi. Ni da nake sana'ar kwamfuta ba na raina wannan, yana ciyar da gidaje. Sai dai ladan bayan riga ne kawai. Kuɗin zare, saƙa, rini da ɗinki sun tsaya a ƙetare. Gaban rigar kuma, musamman in zaɓe ya gabato, hoton ɗan takarar da ya sa kofi ne ke kai.