TSOHUWAR RIGAR PILLARS DA TARIHIN DA MUKE BARI A TSUMMA

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana a yau wani ƙaramin abu ne da ya faru a gidana a nan Shagari Low Cost. Na fito da safe sai na tarar da yarona yana goge babur da wani ƙyalle mai ruwan ɗorawa. Da na duba sosai sai gabana ya faɗi, domin kuwa rigar Kano Pillars ce da na saya a bakin filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a shekarar 2008. Na ce masa, "Kai, ka san mene ne wannan a hannunka?" Ya ce, "Baba, ai tsumma ne, a ƙasan akwati na gan shi." Yaron ba shi da laifi. A Yola aka haife shi, yana jin Fillanci fiye da ni, yana iya lissafa maka 'yan wasan Arsenal har da na benci, amma ban taɓa zaunar da shi na gaya masa abin da rigar nan ta gani ba. To, bari in biya bashin nan, wataƙila wani ma ya amfana.

Mai karatu, ƙwallo a Kano ya girmi Pillars nesa ba kusa ba. Tun a 1953 'yan wasan Kano suka ci Kofin Gwamna, wanda daga baya ya koma Kofin Ƙalubale. A 1978 kuma Raccah Rovers ta Kano ta lashe gasar lig ta ƙasa baki ɗaya. A wannan shekarar ce ma ƙungiyar Fluminense ta Birazil ta zo ta kara da Raccah a Kaduna, inda shahararren ɗan wasan nan Pele ya sa rigar Fluminense ya shiga fili, alhali ya riga ya yi ritaya. Dattawanmu har yau suna ba da labarin. Amma ina tambaya, wa zai iya fito mana da rigar Raccah guda ɗaya ta wannan rana?

Bayan Raccah ta dusashe ne aka kafa Kano Pillars a 1990, ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku, wato WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North. Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya, yana kan gaba a wannan aiki. Launin ƙungiyar shi ne ruwan ɗorawa da kore, kirarinta kuwa kowa ya sani: Sai Masu Gida.

Kirarin nan ba a banza ya zauna ba. Daga 2003 har zuwa watan Agusta na 2015, shekara goma sha biyu cur, babu ƙungiyar da ta zo Kano ta ci Pillars a wasan lig, sai da Nasarawa United ta karya lagon da ci biyu da ɗaya. A cikin wannan tsakani ne aka ɗauki kofin lig na farko a 2008 ƙarƙashin koci Kadiri Ikhana. Rigar da yarona yake goge babur da ita, ta wannan kakar ce.

Shekarar 2009 kuwa ita ce wadda duk masoyin Pillars ba zai manta ba. A gasar Zakarun Afirka aka haɗa mu da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin a lokacin. Aka yi ɗaya da ɗaya a Kano, mutane da yawa suka ce shi ke nan an gama. Sai ga shi an je Alƙahira an tashi biyu da biyu, Pillars ta wuce saboda ƙwallayen da ta ci a waje. Daga nan aka ratsa rukunin da ke da Al Hilal da Al Merrikh na Sudan da ZESCO ta Zambiya, har zuwa wasan kusa da na ƙarshe, inda 'yar uwa Heartland ta Owerri ta fitar da mu. Dan gida ne ya kayar da mu, ba baƙo ba.

A kakar 2009/2010 wani yaro siriri mai gudu kamar barewa, Ahmed Musa, ya zura ƙwallo 18, ya kafa tarihi a lig ɗin, sannan ya wuce VVV-Venlo ta ƙasar Holan. Shi ne dai ya ci Ajantina ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya sake cin Iceland biyu a 2018. Ya dawo ya sa rigar Pillars a 2021 da kuma 2024, a 2025 aka naɗa shi babban manajan ƙungiyar. Bayan tafiyarsa ta farko ne aka jera kofin lig uku, 2012 da 2013 ƙarƙashin Baba Ganaru, 2014 ƙarƙashin Okey Emordi, zamanin su Rabi'u Ali Pele da Gambo Muhammad.

Ba daɗi kaɗai rigar ta gani ba. A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar 'yan wasa wuta a hanyarsu ta zuwa Owerri, wasu suka ji rauni. A 2018 a Asaba, a wasan ƙarshe na kofin Aiteo, Pillars na gaba da ci uku da nema, Enugu Rangers ta farke duka, ta kuma ɗauke kofin a bugun fenariti. Shekarar da ta biyo baya aka share hawaye a Kaduna, aka doke Niger Tornadoes a fenariti, kofin ya dawo Kano bayan shekara 66. A 2022 ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu, ta dawo a 2023. Kowace kaka daga cikin waɗannan da irin rigarta.

Yanzu bari mu leƙa waje mu ga yadda wasu suke yi da nasu. Rigar da Maradona ya sa a wasan Ajantina da Ingila na 1986, ɗan wasan Ingila Steve Hodge ne ya karɓe ta a musayar riga bayan tashi, ya adana ta fiye da shekara talatin. A 2022 aka yi gwanjonta a kan fam miliyan 7.1. A Manchester akwai kamfani sukutum, Classic Football Shirts, da aka kafa a 2006, sana'arsa saye da sayar da tsofaffin rigunan ƙwallo. Ko rigar Super Eagles ta 1994 nemanta ake yi ruwa a jallo. Mu kuwa fa? Ka shiga layin 'yan gwanjo a kasuwar Jimeta, za ka sami tsohuwar jesin Chelsea ko Barcelona a dila, amma ka nemi ta Pillars ta 2009 sai ka gaji. Tamu muna sa ta har ta koɗe, mu ba almajiri, ko ta ƙare a goge babur.

Ba ina cewa rigarmu za ta yi kuɗin ta Maradona ba ne. Darajarta a wani wuri take. Mu da neman abinci ya kawo mu Adamawa, tsakaninmu da Kano tafiyar yini ce ta Numan da Gombe, wasunmu sai shekara ta zagayo ba su leƙa gida ba. Mutanen Yola sun riƙe mu da mutunci, 'ya'yanmu 'yan nan ne, su goyi bayan Adamawa United ma babu laifi. Amma yaro yana bukatar abin da zai taɓa da hannu kafin labari ya zauna masa. Riga tana yin wannan aikin fiye da dogon wa'azi.

Don haka ga shawarata ga duk mai irin wannan riga. A wanke ta da hannu da ruwan sanyi, a juya bayanta kafin a wanke, a shanya a inuwa, domin ranar Yola ta watan Afrilu ba ta barin launi. Kada guga ta hau kan lamba ko tambari, narkewa suke yi. A naɗe ta cikin farin ƙyalle da ɗan kafur saboda ƙwari, ba cikin leda ba. Mafi muhimmanci, a rubuta a takarda shekarar da aka saye ta, da inda aka saya, da wasan da aka kalla da ita, kuma ko ta ɗan wasa ce ko ta kasuwa. Idan mai ita ya kau, takardar ce za ta yi magana.

Tawa dai na wanke ta, tabon baƙin mai bai fita duka ba, na bar shi a haka. Na yi wa yaron alkawarin in Allah Ya kai mu hutu zan kai shi Ƙofar Mata ya ji da kunnensa yadda fili yake amsawa idan an ce Sai Masu Gida. Wanda ke da tsohuwar rigar Raccah ko ta Pillars a akwati, don Allah ya fito da ita ya nuna wa 'ya'yansa tun yana da rai. Allah Ya sa mu dace, amin.