Linzami da Bakin Doki: Ƙirar Yaƙi a Zamanin Hawan Salla



A cikin kayan doki kaf, babu abin da idon ɗan kallo yake tsallakewa kamar linzami, kuma babu abin da doki yake ji a jikinsa kamarsa. Ranar hawa, a Garwa ne ko a Marwa ko a Ngaundere, sirdi da jalala da rawanin mahayi muke yabawa. Ƙarfen da ke cikin bakin dabbar kuwa ba ma tuna shi sai mun ga kumfa ja tana zuba a kan ƙirjinta. Mun saba da ganin wannan kumfa har wasunmu suna ƙirga ta cikin alamun jarumtar barde. Tarihin linzami ya nuna cewa kakanninmu sun ƙera shi haka domin wata bukata, kuma wannan bukata ta wuce fiye da shekara ɗari.

Sunan kansa baƙo ne. Linzami daga Larabci ya fito, wato lijam, sai harafin ta'arifi ya manne masa a gaba, kamar yadda rikab ya zama likkafa. Sirdi kuma daga sarj yake. Sunaye uku ke nan na manyan kayan hawa, kuma duk sun shaida cewa kayan sun zo mana ta hanyar Sahara tare da fatake da malamai.

Kafin zuwansu akwai dawaki a ƙasashen nan, ana kuma hawansu. Ƙananan dawaki ne, irin waɗanda muke kira ƙuru. Mutanen tsaunukan Jos, da maƙwabtanmu Musey na bakin kogin Logon tsakanin Kamaru da Cadi, sun daɗe suna hawan ƙurunsu ba sirdi, ba ƙarfe a baki, igiya kawai a kai. Da ita suke farauta, da ita suke tsere wa mahara. Tun zamanin Rumawa ma an san mahayan Numidiya, a inda Aljeriya take yau, da sarrafa doki ba tare da linzami ba. Ashe doki yana jin umarni ko babu ƙarfe a bakinsa.

Abin da ya kawo linzami mai ƙarfi shi ne sauyin salon yaƙi. Tarihin Kano ya ambaci Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, a matsayin wanda ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Mai lifidi yana bukatar ingarma mai iya ɗaukar nauyi, kuma irin wannan doki tsada gare shi. Hasan al-Wazzan, wanda ya kammala littafinsa kan Afirka a 1526, ya ruwaito cewa Sarkin Barno yana karɓar doki guda daga fataken arewa a bakin bayi 15 ko 20. Barden da ya hau irin wannan ingarma, hannunsa na dama yana riƙe da mashi ko takobi, na hagu kaɗai ya rage wa kamazuru. Dole da hannu ɗaya ya juya dabba mai ƙarfin mutum da yawa, ya tsayar da ita nan take a tsakiyar ƙura da ihu. In ta ƙi tsayawa, ransa ne.

Maƙera suka amsa wannan bukata da ƙirar da muka gada. Doki yana da wani gurbi a bakinsa inda babu haƙori, tsakanin haƙoran gaba da turame, kuma a nan ƙarfen yake kwanciya. A tsakiyar ƙarfen akwai tudu mai tasowa sama, ga kuma zobe da ke kewaye muƙamuƙin ƙasa ya bi ta bayan haɓa. Idan mahayi ya ja kamazuru, tudun ya tokare ganɗa, zoben ya matse muƙamuƙi, ƙarfen ya danne dasashi, duk a lokaci guda. Dasashin wurin nan fata ce siririya a kan ƙashi mai kaifi. Shi ya sa ja kaɗan yake sa doki ya zame a kan ƙafafunsa na baya. Bature Denham, da ya isa kusa da Kukawa a 1823, ya ga mahayan Shehu Laminu suna sako dawaki a guje su tsaya cak dab da baƙi. Jafin da muke yi a gaban Lamiɗo yau jikan wannan horo ne.

Mu kanmu muna da hannu a yaɗuwar wannan ƙira a nan. Bayan Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu a farkon ƙarni na 19, garuruwan Fombina suka cika da dawaki, kuma cikin Hausawan da suka biyo hanya akwai majema da dukawa da maƙera. Wasu daga cikin zuriyarmu ɗinkin sirdi da kalfazuru ne ya zaunar da kakanninsu kusa da fada. Har yau Marwa ta yi suna wajen aikin fata. A wancan zamani maƙeri da baduku maƙwabtan barga ne. Ana iya jawo doki har ƙofar maƙera, a duba faɗin bakinsa, a ƙera, a gwada, a mayar wuta in bai zauna ba. Barden kuma kullum yana kan dokinsa, hannunsa ya san inda zafi yake farawa. Linzami mai tsanani a hannun gwani bai cika aiki ba, domin dokin yana amsawa tun kafin ƙarfen ya cije shi.

Zamanin yaƙin dawaki ya rufe cikin 'yan shekaru. A watan Janairun 1902 bindigar Jamusawa mai ruwan harsashi ta karya mahayan Fulani a Marwa. A 1903 Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Ingilishi. Daga nan doki ya koma na sarauta da Salla da biki da sukuwa. Sulke ya zama ado, mashi ya zama ado, linzami kaɗai aka bari da kaifinsa na fagen fama. Abin da ya kare dokin da kuwa, wato awo da gwanintar hannu, shi ne ya ragu. Yau kayan doki a ɗinke muke sayo su daga kasuwa, girma ɗaya ga kowane kai. Dokin da ya yi watanni a turke sai a ba da aronsa ga yaron da bai hau sau biyar ba, a sa masa ƙarfen da aka ƙera domin baraden da. Hausawa sun ce linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Wani linzamin ya fi ƙarfin bakin dokin ma.

Masu dawaki a Turai sun fuskanci irin wannan tambaya, suka bi ta da awo. Wani bincike da aka yi a Ingila aka buga a 2015 ya sa na'urar auna matsi a ƙarƙashin madaurin kai, ya gano wuraren da fata take fi danne doki, musamman bayan kunnuwa da kan ƙashin hanci. Da aka sauya yankan fatar ta kauce wa wuraren, aka sa mata laushi a ciki, matsin ya ragu, takun dokin ma ya saki. A 2025 hukumar wasannin dawaki ta duniya ta fara amfani da ma'auni na musamman domin hana ɗaure hanci fiye da kima. Doki ba ya numfashi ta baki, hanci kaɗai gare shi.

Babu ɗaya cikin waɗannan gyare-gyare da ya fi ƙarfin baduku da maƙerin unguwa. A auna faɗin bakin kowane doki, ƙarfen ya ɗan ɗara shi kaɗan a kowane gefe, domin matsattse yana tsunkular leɓe, mai faɗi da yawa kuma yana yawo yana bugun haƙori. A rage tsayin tudun tsakiya, a goge duk wani kaifi da tsatsa, a naɗe zoben haɓa da fata mai laushi. Madaurin da ke bin ƙeya a faɗaɗa shi, a rage shi a gindin kunne, a mayar da ɗinki da ƙulli waje don kada su goge fata. Na kan hanci ya zauna a kan ƙashi, kada ya sauko kan guringuntsi, kuma yatsu biyu su iya shiga ƙarƙashinsa. Adon azurfa da tuntaye a rataya su a kan fata mai ƙwari, kada nauyinsu ya koma kan ƙarfen baki. Fatar da ta bushe a shafa mata mai ta yi laushi. Kilisa ta yau da kullum ragama ta isa, ko linzami mai sauƙi. Bayan kowane hawa a buɗe bakin doki a duba. Idan yana yawan kaɗa kai, ko yana fitar da harshe, ko yana ƙin a sa masa linzami, ƙara yake kawowa.

Za a sami mai cewa wannan taɓa gado ne. Gadon da muka sani shi ne na mutanen da suka karɓi lijam daga Larabawa suka daidaita shi da dokinsu da yaƙinsu. Wanda ya daidaita shi da zaman lafiya tafarkinsu ya bi. A shekarar 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya take alfahari da su, don haka idon baƙi ya ƙaru a kan dawakinmu, har da namu na wannan gefen iyaka. Kafin idon baƙi kuma, mun karanta a makarantun zaure cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana dukan dabba a fuska.

Muna roƙon masu barga da shugabannin matasa masu hawa, kafin Salla mai zuwa a fito da linzamai a baje su a tabarma, a kira baduku da maƙeri, a gwada kowanne a bakin dokin da zai sa shi. Wanda ya yi kaifi a mayar da shi wuta. Yaron da hannunsa bai nuna ba a ba shi mai sauƙi, ya bar jafi ga manya sai ya ƙware. Aikin zai kuma dawo wa masu sana'armu da cinikin da kasuwar kayan ɗinkakku ta ƙwace musu.

Allah ya ja zamanin sarakunanmu, ya nuna mana hawa lafiya, mu da dabbobinmu.