Sifili: Daga Indiya Zuwa Allon Aji

Hausa ta aro sifili, ko sifiri, daga Larabci, inda "sifr" ke nufin abin da ba komai a cikinsa. Su kuma Larabawa fassara suka yi wa kalmar Indiyawa, "shunya". Tun a 628 masanin Indiya Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin lissafi da shi.

Aikin sifili ya wuce sunansa nesa ba kusa ba. A ajiye shi bayan 5, an sami 50. A ƙara wani, 500. Amma raba 7 da sifili ba ya yiwuwa, domin babu lambar da za a ninka da sifili ta ba da 7. Nan ɗalibai da dama ke tuntuɓe.

Turawa ma daga wannan tushen Larabci na "sifr" suka samo tasu kalmar.