Teburin Gabas

Tun da aka ƙulla yarjejeniyar musayar naira da kuɗin Sin a 2018, ga kuma wannan surutu na BRICS da ya biyo baya, nake jin samarin da suka gaje mu a aiki suna ta murna wai an zo da sabon abu, za a yi ciniki ba da dala ba. Wani daga cikinsu har a jarida ya rubuta cewa ba a taɓa yin irinsa ba. Ban ga laifinsa sosai ba. Teburin da ya kamata ya koya masa wannan karatu an rufe shi tun yana rarrafe.

Teburin Gabas muke ce masa. Ɗaki ɗaya ne mai kabad biyu na ƙarfe da fanka mai ƙara, amma a ƙarƙashinsa ake duba cinikinmu da Tarayyar Sobiyet da Polan da Cekoslobakiya da Hangari da Romaniya da Bulgeriya da Jamus ta Gabas, sannan aka haɗa mana da Sin bayan Nijeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da ita a 1971. Mai uwa a gindin murhu ba ya zuwa nan. Landan da Washinton da Burasel ake rububi. Ni dai don na yi karatu a Gabas kuma ina jin Rashanci aka turo ni, na tarar da dattijon da ya zama maigidana, wanda ya fara aiki tun kafin a sauke tutar Ingila, ya kuma zauna a Alƙahira da Ankara ta Gana lokacin da abin ke tashe.

Abin da ya fara gaya mini shi ne, kada in ruɗi kaina, mu 'yan kallo ne a wannan fage. Nijeriya ta shigo a makare, kuma da man fetur ya zo sai ta riƙa biya da tsabar kuɗi. Masu sana'ar na gaske su ne Masar da Indiya da Gana da Gini da Mali, waɗanda suka yi cinikin ba ni gishiri in ba ka manda a matakin gwamnati. Manyan bankunan ƙasashen biyu su buɗe asusu, a riƙa rubuta fam ko dala a takarda amma ko kwabo ba ya motsi. Duk shekara wakilai su zauna su tsara jeri biyu, na kayan da za a aika da na waɗanda za a karɓo, a kuma yanka iyakar bashin da ɗaya zai iya bin ɗaya kafin a tsayar da lodi. Audugar Masar ta tafi, makamai da injuna su zo, kamar yadda aka yi da Cekoslobakiya a 1955. Shayin Indiya ya tafi, a gina masana'antar ƙarafa ta Bhilai, wadda aka sa hannu a kanta a wannan shekarar, ta fara aiki a 1959. Bashin Mosko kuwa kusan kowa ya haddace sharuɗɗansa: kuɗin ruwa kashi 2.5 cikin ɗari, a biya cikin shekara 12, kuma a biya da kaya.

Wannan kashi 2.5 shi ne ke sa ministoci washe baki, shi ne kuma abin da maigida ba ya ko kallo. In aka kawo daftarin yarjejeniya, sai ya tsallake shafukan gaba da ke cike da zumunci da 'yan'uwantaka, ya lashi yatsa ya buɗe can baya inda aka jera kaya. Yana da wani littafi mai baƙin bango da ya shekara da shekaru yana cikawa da fensir. Farashin tarakta ƙirar Belarus a gefe ɗaya, na Zetor da Ursus a ƙasansa, na Massey Ferguson a ɗaya gefen, kowanne da ƙarfinsa da nauyinsa da man da yake sha. Sai ya ɗora rula yana bi layi layi. In ya iske inda farashi ya haura na kasuwar duniya, ya yi ɗan zagaye da jan biro, ya turo mini takardar.

"Samari, ga kuɗin ruwanka nan. Ba su yafe ba, wuri suka sauya masa."

"Ranka ya daɗe, ai injin nasu ya fi araha."

"Tambayo min kuɗin famfon mai da na fistin. Ka kuma tambaya wata nawa suke yi kafin su iso Apapa."

A nan gizo ke saƙa. Kowane irin kaya a wurin Sobiyet a lokacin yana da hukuma ɗaya tak mai izinin fitar da shi: Traktoroexport ga tarakta, Avtoexport ga motoci, Technoexport ga binciken ma'adinai. Masana'antar da ke ƙera injin ba ta san mai saye ba, kuma tsarin shekara biyar yawan injunan da aka ƙera yake ƙirgawa, bai damu da kayan gyara ba. Saboda haka dokar maigida ita ce ba a sa hannu sai an rubuta kayan gyara na shekara biyu cikin kwangilar, da littafin sarrafa injin a harshen da makanikinmu zai karanta, da alkawarin cewa an yi wa injin gyaran da zai jure zafi da ƙura. Na ga ya tsayar da zama na kwana da kwanaki a kan matatar iska kaɗai, baƙi suna ta shan taba suna duban agogo, shi kuwa yana ɓare goronsa.

Yana son ba da labarin simintin ƙasar Bama. A tsakiyar shekarun 1950 shinkafa ta yi musu kwantai, suka musanya ta da kayan ƙasashen gurguzu, sai siminti ya iso tashar jirgin ruwan Rangun ana gab da damina, fiye da abin da ake da wurin ajiyewa, ruwa ya sauka a kansa ya daskare. Ba don dariya yake faɗa ba. Nufinsa jerin kaya ba ya cika sai da ranar isowa. Haka yake kawo kukan da Masarawa suka riƙa yi cewa audugar da suka bayar a kan asusu tana ɓullowa a kasuwannin Turai ta Yamma da rangwame, tana karya farashin wadda suke sayarwa da kansu. Daga nan ne muka koyi saka sharaɗin hana sake sayarwa ga wata ƙasa, ko da yake tabbatar da shi wani aiki ne.

Kada wannan ya sa a ɗauka maigida mutumin Yamma ne. Ko kusa. In wani ya kawo masa zancen cewa taimakon gurguzu duk yaudara ce, sai ya tambaye shi wa ya gina madatsar Aswan. Amurka ce ta janye tayinta a Yulin 1956, Nasser ya ƙwace mashigin Suwez a cikin watan, Mosko ta ba da bashi a 1958, aka gama aikin a 1970. Gini ta ce wa de Gaulle a'a a 1958, Faransawa suka kwashe nasu ya nasu suka tafi, Gabas ce ta buɗe mata ƙofa, daga baya ma da ma'adinin Kindiya aka riƙa rage bashin. Mu kanmu a 1967, da Ingila da Amurka suka noƙe a kan jiragen yaƙi, MiG-17 na Sobiyet da L-29 na Cekoslobakiya ne suka iso mana. Wannan ne ya share hanyar ziyarar Janar Gowon Mosko a 1974, da kwangilar masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta da aka ba Tyazhpromexport a 1979. Yadda Ajaokuta ta ƙare kowa ya sani, ba sai na tsaya ba.

Na tsallake Gana, alhali can maigida ya fi daɗewa. Farashin koko ya faɗi warwas a 1965, Nkrumah ya ƙara jingina da asusun Gabas, sai ga juyin mulki a Fabrairun 1966 yana birnin Bejin. Aka sallami ƙwararrun Sobiyet, ayyuka suka tsaya cak. Madatsar Bui da suka fara nazarinta sai a 2013 aka gama, kuma kamfanin Sin ne ya gina.

Su mutanen Sin salonsu daban ne, kuma maigida yana girmama su ta wata fuska. A Gana ne Zhou Enlai ya bayyana ƙa'idojinsa takwas na taimako a Janairun 1964, ciki har da cewa ƙwararrunsu za su zauna irin zaman takwarorinsu na ƙasar da suka je. Layin dogo na TAZARA, kilomita 1,860 daga Darussalam zuwa Kapiri Mposhi, wanda Yamma ta ce ba riba a cikinsa, da bashi marar ruwa suka gina shi tsakanin 1970 da 1975. Abin da ya burge mu 'yan sana'a shi ne yadda aka biya leburori da sauran kuɗin cikin gida: Sin ta ba Tanzaniya da Zambiya kayan masarufi bashi, aka sayar a kantuna, kuɗin da aka samu aka zuba a aikin. Dabara ce mai kyau, sai dai ƙananan masana'antun gida ne suka sha gogayya da kayan, kuma wannan ma sai mai karanta jerin kaya ne zai hango shi.

Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991 aka ce teburinmu ya gama amfani. Maigida ya riga ya yi ritaya. Aka raba mu wasu sassa, aka kwashe fayilolin zuwa wani sito mai yoyo, littafinsa mai baƙin bango ya bi su. Amma bashi bai mutu da ƙasar ba. Rasha ta gaji takardun, Indiya ta zauna da ita a 1993 kan yadda za a lissafa bashin rufi da rubul, sannan da Rasha ta shiga ƙungiyar masu ba da bashi ta Faris a 1997 aka amince a lissafa tsofaffin basussukan a kan rubul 0.6 ga dala ɗaya, a kuma zaftare kaso mai yawa tun daga farko. Duk gardamar a kan farashin injunan da aka kawo shekara talatin baya take, da ko sun iso cikakku. Mu da muka san inda aka yi zagaye da jan biro muna nan da ranmu a lokacin, muna bin layin fansho. Da lissafin namu ya taso, ƙwararru aka ɗauko daga waje, aka biya su da dala.