Ƙwayoyin Bakteriya Masu Ƙara wa Ƙasar Noma Ƙarfi

Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa sinadarin naitirojin ne, wato ginshiƙin takin yuriya, amma shuka ba ta iya zuƙarsa kai tsaye. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke mayar da shi abincin tsiro. Akwai irinsu cikin laka inda Kogin Kwara ke shiga teku. A Ƙaramar Hukumar Dutsi da ƙasar Daura kuwa, suna zaune cikin 'yan ƙulle-ƙullen saiwar wake, gyaɗa da gawo. Idan aka tsaga ƙullin aka ga ja-ja, to suna aiki. Saboda haka ana shawartar manoma su riƙa shuka wake tsakanin gero, su kuma guji sare gawo, domin farfaɗo da jigawa da rage kuɗin taki.