Daga Tandun Kwalli Zuwa Kwalbar Maganin Ido

Tandun kwallin kakata yana hannuna har yau. Ɗan ƙarami ne na fata, ya yi baƙi wuluk don shan hannu. A kasuwar Jega ta saye shi tana amarya. Duk jaririn da aka haifa a gidanmu, da an gama masa wankan safe sai ta ɗora shi bisa cinya, ta ware fatar idonsa da babban yatsa, ta zizara masa. A wurinta kwalli magani ne kafin ya zama ado: yana kore kwantsa, yana ƙara gani, ga ladan sunna.

Ba ita ta fara ba. Tun da Buhari ɗan Malam Abdussalami na Gimbana ya kafa Jega bayan yaƙin Kalambaina, garin ya zama zangon fatake masu bin hanyar Gwanja neman goro. Cikin kayan 'yan koli, tsakanin allura da madubi, ba a rasa ƙwanƙwalen tozali masu ƙyalli, waɗanda mata ke niƙawa a gida. Abin da kakannin namu ba su da hanyar ganewa shi ne, yawancin wannan dutse mai ƙyalli dutsen dalma ne, ba ismidin da malamai ke ambata ba.

Mu kanmu sai a 2010 muka san dalma guba ce, da ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan haƙar zinari na Zamfara, nan maƙwabta. Shekara guda bayan haka likitoci a Boston ta Amurka suka sami dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya. Da aka bi sawu, sai ga kwallin da ake sa masa: fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Yaro ya murza ido, ya kai hannu baki, shi ke nan ta shiga.

Akwai kuma wata ƙofar. Duk wanda ya taɓa yanka albasar Aliero ya san ido na hawaye, hanci na zuba. Wata 'yar kafa ce a lungun ido ke sauke ruwa cikin hanci, jini kuma ya kwashe abin da ya iso can. Shi ya sa kake jin ɗaci a maƙogwaro bayan ka ɗiga magani.

Kwalba ta zo ta tarar da wannan hanya a buɗe. Tun annobar afolo da ta ɓarke daga Gana a 1969 mutanenmu suka saba da zuwa kemis su ce a ba su "na ɗigawa", kamar duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Timolol, maganin hawan jinin ido da ya fito a 1978, ɗan gidan magungunan zuciya ne: yana rage bugunta, yana matse hanyar numfashi.

Kawuna na Maiyama mai fuka ne tun ƙuruciya. Ganinsa ya fara dushewa, sai ya ari kwalbar maƙwabcinsa ya je ya sayo irinta. Daren farko ya kwana a zaune, ƙirji na kukan usur. Mun zargi ƙurar hunturu, mun zargi hayaƙin girki. Sai a asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta ce, "Baba, me kake sa wa ido?" Ya ce ai wannan ba sha yake yi ba. Abin ya tsaya mini a rai, don ni ma haka na ɗauka.

Ban ga laifin kakata ba, da ƙauna ta yi. Amma tandun nan bai taɓa idon 'ya'yana ba. Ku kuma masu ɗiga magani, in akwai fuka ko ciwon zuciya ku faɗa wa likitan ido tun kafin ya rubuta. In kun ɗiga, ku rufe idon, ku danne lungunsa ta wajen hanci da yatsa har minti biyu.